Littafin Tularam

Yau ma na ɗauko shi daga ƙasan adakar Inna,
inda take ɓoye takardar gonar fadama.
Gara ta ɗan lasa gefensa.

Ba na iya karantawa.
Baƙaƙen duk a rataye suke jikin layi,
kamar wankin da Laure ke shanyawa bayan ɗaki,
wani da hannun riga, wani da ƙafar wando.

Shekara huɗu muka ɗauki bulo tare a Doha.
Mu goma sha biyu a ɗaki, gado bisa gado,
shi a sama, ni a ƙasa.
Tularam, mutumin Nefal, gajere, mai wushirya.
Larabcinsa gurgu, nawa makaho,
haka muka riƙa jan juna har kantin shayi.

In dare ya raba sai in ji biro na ƙaiƙayar takarda.
Da littafi ya cika, ya koma buhun siminti.
Na ce, wasiƙa ce?
Ya ce, waƙa. Ya nuna ƙirji, ya nuna taga.

Ran Juma'a ba aiki.
Sai ya tara mu a bayan banɗaki ya raba mana mutane:
hular kwano ta zama kambun sarki,
bargo uku suka zama dutse.
Wani ɗan Kumasi ya fito a mai bin bashi.
Ni kogi ya ba ni.
Ya ce, kwanta, ka yi ta magana da harshenku, kada ka tsaya.
Na kwanta a kan tsakuwa ina lissafa garuruwan da ruwanmu ke bi,
Wudil, Ringim, Miga, Auyo,
shi kuma ya tsallake ni da takalmi a hannu,
yana kiran sunan wata mata.
Har mai gadi sai da ya share ido.

Su ma shinkafa suke nomawa, in ji shi,
amma a jikin dutse, hawa-hawa kamar matakalar bene.
Na ce tamu a shimfiɗe take har ido ya gaji.
Tsuntsu dai ɗaya ne, duk inda yake ɓarawo ne.

Ƙafafunsa suka fara kumbura a shekara ta huɗu.
Kamfani ya yanka masa tikiti.
A bakin bas ya cusa mini wannan a aljihu.
Lambarsa ta yi wata biyar tana shiga.

Bara ɗan Malam Hudu ya dawo daga makaranta a Dutse,
ya ɗora wayarsa a kan shafi guda,
wai za ta juya mana.
Ta yi ta kame-kame, ta haɗa doya da manja,
sai layi ɗaya da ya fito sarai:
Inna, kada ki sayar da akuyar, ina tafe.

Na karɓe littafina.
Ruwa ya sauka a fadama tun shekaranjiya,
gobe dashe.