Nauyin Bayan Labule

A tsohon rumbun gishiri, bakin tekun Valparaíso,
Ximena ce ke tashi sama.
Ni ne ke faɗuwa.

Igiya ɗaya ce, ta ratsa ƙarfen rufi,
baki guda a ƙugunta, guda a nawa.
In na diro daga tsani cikin duhu
sai ta bar ƙasa,
jan siket ɗinta ya buɗe bisa kawunan 'yan kallo.

Kilo saba'in da huɗu nake.
Darakta Eliseo ya hana ni rama, ya hana ni ƙiba,
ko burodin safe sai ya sa mini ido.

Jiya an kafa tebur a jikin bango.
Ta taka bangon tamkar daɓe,
ta tsiyaya shayi,
shayin ya ƙi kofi, ya nufi ƙasar gaskiya.
Aka yi ta tafi. Ba wanda ya waiwayi tsani.

Ni dai ta igiya nake jin numfashinta,
kamar masunci da motsin fatsa.

In an kashe fitilu mukan hau tudu a ƙafa,
ita tana haki, tana zagin matakala,
ni kuwa jikina sakayau.