Wasan da Ba a Kulle Ba

A shagon Nafi'u, bayan gadar Kwangila,
akwai kwamfutar da ta girmi ƙanwata.
Fankarta na tari, harafi biyu sun zube,
amma tana ɗauke da tseren motoci
wanda ba mu biya ko sisi ba.

Nafi'u ya ce masu shi sun bar ƙofa buɗe,
duk mai hannu ya shiga ya taɓa.
Ya buɗe mana cikinsa, rubutu tuli,
ya canza lamba ɗaya tak,
motata ta daka tsalle
kamar akuyar da ta taka garwashi.

Daren Laraba muka cire jar motar,
muka sa keke-napep ruwan ɗorawa,
muka haƙa ramuka irin na layinmu.
Sakinatu, da aka aiko kiranmu cin tuwo,
ta ce a ɗan matsa mata.
Sau huɗu ta cinye mu.
Tuwo ya sandare, ba wanda ya tuna.

Wani daga ƙasar da na kasa faɗar sunanta
ya rubuto: wannan mai ƙafa ukun fa?
Nafi'u na cikin ba shi amsa
aka ɗauke wuta.

Muka zauna cikin duhu da sauro
muna gardamar wa ke gaba.