Shiru a Hawa na Uku

Na sa wa taga kwaɗo,
na toshe bakin soket da roba,
na kai omo da ruwan wankin banɗaki saman kabad
inda ni kaina sai na yi ɗage.
Wuƙaƙe sun yi ƙaura zuwa kan firiji.
Ashana kuwa, na ɓoye ta har ta ɓace mini.

Duk da haka Sagiru, shekara biyu da rabi,
kallon mai gyaran rediyo yake wa gidan nan:
komai sai an kwance an ga cikinsa.
Yayarsa Iklima ba ta taɓa komai da hannu,
da baki take nuni,
ita ce injiniya, shi ne lebura.

Rakiya ta fita tun kafin asuba,
asibiti ba zai sako ta ba sai bayan isha.
Liverpool na ta yayyafinta marar zuciya,
ba ta tsuge ba, ba ta ɗauke ba,
balle in kai su fili su zubar da ƙiriniya.
Ga ni a teburin cin abinci,
albashin mutum tamanin a gabana,
kunne ɗaya na ba manaja,
ɗayan na jingine a ƙofar ɗaki.

Ihu bai dame ni ba.
Ƙarar cokali a jikin tukunya, daɗi take mini.
Shiru nake tsoro.

Yau da sha ɗaya da kwata ya sauka,
shirun nan mai santsi.
Na ce wa manaja afuwan, na tashi ba takalmi.
Falo babu, bayan labule babu,
banɗaki a kulle yadda na bar shi.
A kicin na tarar da Iklima tsaye, hannu a goshi tana sarawa,
ga ƙafa biyu masu safa daban-daban
suna leƙowa daga bakin injin wanki.
"Baba, kar ka buɗe, wata zai tafi."

Na jawo ɗan sama jannatin ta dugadugai.
Yana dariya.
Gwiwata ce ta ƙi dariya,
na zauna a ƙasa riƙe da shi
har ƙirjina ya daina daka.

A gidanmu na Gusau wa ya san kwaɗon taga?
Idanu ne katanga.
Gwaggo na tsince shinkafa tana kallo,
mai wanki na kallo,
har tsohon da ke gyangyaɗi a zaure, ido ɗaya yake rufewa.
Ɗa na kowa ne, in ji su.
A nan ɗa nawa ne, da ni da ita,
sai tsohuwar hawa na biyu
mai buga silin da sandar tsintsiya in tsalle ya yi yawa.

Da rana na kira Inna na kai ƙara.
Ta yi dariya har hoton ya daskare.
"Lurwanu, duba gwiwar hannunka ta hagu.
Wa ya faɗo daga kan rumbu da lema,
wai shi laima ce ta soja?
Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."
Na duba. Tabon yana nan, ɗinki biyar.

Na cire wayar injin daga bango,
na ɗaure ƙofarsa da tsohon ɗankwalin Rakiya.
Sannan na kwaso matasan kai, da bargo, da katifar baƙi,
na tula musu dutse a tsakar falo.
Ku hau. Ku faɗo. Ku sake hawa.

Albashi zai kai dare, ya kai.
Na juyo da teburin yana fuskantarsu.
Sagiru ya kai ƙololuwa, ya miƙe, ya ware hannu,
amma na ga idonsa ba a dutsen yake ba,
sandar labule yake aunawa.