Ƙwai Mai Ƙaya a Kwiɓi

Ƙarfe biyar na asuba bas ke barin Escada,
ni da jakata da ragowar barci.
Rake dama, rake hagu,
har gadojin Recife su tare mu.
Shekara ta uku ke nan ina bin wannan hanya,
ina haddar sunayen jijiyoyi a kujerar baya,
direba ya taka burki, su zube,
in sake tsince su ɗaya bayan ɗaya.

A gida an riga an yanke hukunci:
Jucélia likita ce.
Gwaggo Nazinha kan tare ni a bakin ƙofa,
ta naɗe hannun riga, ta ce duba min wannan kumburi.
Na ce da saura, Gwaggo,
kimiyyar jiki nake karantawa tukuna,
jini da majina da abin da ba a faɗa a kan abinci.
Ta ce to, likitar kashi ke nan.
Muka yi dariya. Ba ta yi ƙarya ba.

Ranar Talata ce.
Farfesa Dalvanira ta raba mana 'yan gilasai,
kowanne da tabon kore a tsakiya
kamar an murje ganye an danne.
Ta ce ku nemo, kada wanda ya kira ni sai ya gani.
Ubiratan, abokin teburina, minti uku ya samu nasa,
har da fito.
Ni kuwa na murza madubi, na sake murzawa,
ido ya kawo ruwa, wuya ya ƙage,
ba komai sai tarkace da kumfar iska.

Can wajen gefe,
ga shi.
Ƙwai ɗaya, mai ɗan tsawo,
da ƙaya guda a kwiɓinsa
kamar wanda ya soke wuƙa a ɗamara.
Tsargiyar hanji.
Na san shi a littafi, na ci maki a kansa,
amma ba mu taɓa haɗa ido ba.

Kakana Anacleto ya sari rake shekara talatin da ɗaya.
In rana ta faɗi sai ya gangara rafi
ya wanke baƙin toka daga bayansa,
dodon koɗi na kwance a ƙasan ruwa, shiru.
Ina da shekara tara cikinsa ya fara tashi,
ƙafafu kamar sillen kara, ciki kamar tulu.
Maƙwabta suka ce giya ce. Bai taɓa kurɓa ba.
Wasu suka ce hannu aka sa masa.
Daren da ya amayar da jini a kwanon wanka
aka kai ni gidan Gwaggo, aka ce in yi barci.

Ashe kai ne.
Ashe iya girmanka ke nan,
ƙwayar gishiri ma ta fi ka.

Ban kira Farfesa ba, ita ta tsaya a kaina.
Nawa kika ƙirga? Na ce ɗaya.
Ta ce bi shi layi-layi har ƙarshe,
mai gilashin nan yana da rai,
shekararsa goma sha biyu, sakamako yake jira.
Na share ido da kafaɗa,
don hannuwana na cikin safa.
Na koma farkon layi.
Goma sha huɗu na samu.
Na rubuta da biro, na danna har ta huda takarda.

Har yau ban san inda zan nufa ba,
ko gadon asibiti, ko teburin bincike
inda ake tsufa a kan tambaya ɗaya.
Gobe ma akwai gwajin sinadarai, ban buɗe littafi ba.

Da yamma bas ya rage gudu a kan ƙaramar gada.
Yara na ta alkafura cikin rafin,
rigunansu shanye a kan ciyawa.
Ban yi niyya ba, bakina ne ya fara.
Ɗaya, biyu, uku.
Su bakwai ne.