Masauki

Bayan isha'i muka baje takarda a kan tabarma,
ni da Baba, kaskon wuta a tsakaninmu.
Sanyi ya biyo ta ƙarƙashin ƙyaure
ya samu wuri ya zauna, sai ka ce da shi za a tafi.

Na ce Kano tukuna.
Mu yi sammako zuwa Kwangila,
in biya kujera biyu a gaba saboda gwiwarka.
Ya ce, Lantana,
gwiwar nan ta hau Dala tun uwarki tana goye,
kujera ɗaya ta ishe ta.
Na rubuta biyu.

Shi jirgin ƙasa ya so.
Shekara talatin ya yi yana yanka tikiti a tashar Sabon Gari,
har gobe yana jero tashoshin da ka:
Likoro, Ɗangora, Madobi, Chalawa,
kamar mai kiran jikoki su zo cin tuwo.
Na ce ban da tabbacin ranar da yake wucewa.
Ya ce da ma shi jirgi ba a tambayarsa,
jiransa ake yi.

Daga Kano sai Daura ta Kazaure,
daga Daura sai Katsina ta Mashi,
mu dawo ta Funtuwa, rana na sama,
don na rantse ba za mu yi dare a hanya ba.
Duk wannan bai yi musu ba.

Sai da aka zo maganar kwana.

Na buɗe waya na nuna masa ɗaki:
gado biyu, ruwan zafi, janareto har asuba,
dubu goma sha takwas ban da karin kumallo.
Ya ɗaga wayar nesa da ido
kamar mai duba ƙwai a rana,
ya ce otal ai na wanda ba shi da kowa ne.
A Kano akwai Sallau marini a Ƙofar Mata,
wanda ko gaisawa kuka yi sai ka wuni da shuni a tafi.
A Daura akwai Barmo,
gidansa jifa ɗaya ne daga Kusugu.
A Katsina Ɗandela mai gyaran agogo,
daga zaurensa kana hango kan Gobarau,
kuma har yau ina binsa sule biyar.

Na ƙara gawayi.

Sallau, da ni aka je gaisuwar bakwai ɗinsa.
Barmo, shekara huɗu ke nan
wani mai sayar da taya ke ɗaukar lambarsa.
Ɗandela ban sani ba,
kuma tambayar ta fi ƙarfin bakina.

Muka yi shiru. Wani mai shayi a bakin Ƙofar Doka
yana ta kaɗa cokali a kofi, har nan muna ji.
Baba ya miƙa tafukansa ga wuta,
ya juya bayansu, ya sake juyawa.

Can ya ce, kama ɗakin.
Amma na kusa da Ƙofar Mata,
in taka da ƙafata in yi sallama
ko da ba wanda zai amsa.
Na Daura ma kama.
Ki sa turare kwalba uku a jaka,
ba a shiga gidan mutane hannu rabbana.

Na lissafa: mota, kwana, abinci,
man zafi, safa, bargon da ya ce ba ya buƙata.
Kuɗin ya ɗara albashina da kaɗan.
Na soke tsarabar da na yi wa kaina alkawari.

Saura layin Katsina.
Na ɗora biro a gurbin masauki,
ya dafa hannuna, yatsunsa da ɗumin wuta,
ya ce wannan bar shi tukuna,
mutumin da ake bi bashi ba ya saurin tafiya.

Na bar shi fari.
Na ninke takardar na sa ƙarƙashin fitila,
na tashi neman sule biyar
a gwangwanin tsofaffin kuɗinsa.