Littafi Mai Shuɗin Bango

A Kasuwar Barci na saye shi,
mai shuɗin bango, irin na 'yan firamare.
Ni da ban wuce aji huɗu ba,
yau ni ce magatakardar layi.

Talata muke haɗuwa a asibitin Rigasa,
ƙarƙashin darbejiya, tun da duku-duku,
kowa da katinsa a ɓoye,
wata a lalita, wani cikin hula.

Na rubuta:
Biyar ga wata, taga a rufe har hantsi ya dubi ludayi.
Sha biyu, "Magani ya yanke, ku dawo jibi."
Jibi ta zo ta same mu,
maganin ne bai same ta ba.

Tabawa daga Buruku take tasowa,
mota biyu da acaɓa.
Zakaranta ta sayar ta yi kuɗin hanya,
ta koma hannu rabbana.
Na rubuta zakaran ma.

Iliya kurma ne.
Sau uku aka kira sunansa ta taga,
yana zaune yana kallon bakin mutane
har aka share farfajiya.

Wani mai mota baƙin gilashi
ya bi ta ƙofar baya,
ya fito da na wata shida a leda.
Ban san sunansa ba, ba kuma na nema.
Ciwonmu ɗaya da shi,
ƙofar ce ta zama biyu.

Ranar da ma'aikaci ya ɗaga murya,
"Masu ƙanjamau ku matsa can!"
a gaban mai awara da 'yan cajin waya,
hannuna na rawa na rubuta,
har biro ya huda takarda.

Amma littafi ba ya son kai.
Sista Kande ta kai magariba tare da mu,
da fitilar waya take duba fayil,
ita da ba ta ga albashi ba tun kafin azumi.
Shafi guda na ba ta.

Sai muka ɗunguma sakatariya,
mu goma sha bakwai, masu hijabi da masu zuwa coci,
Bitrus ya ari kwat, ta yi masa yawa.
Mai kujera ya dube mu ta saman tabarau:
"Wa ya turo ku?"
Tabawa ta ce, "Jininmu."
Ya ce, "Ku gode Allah, kyauta ake ba ku."
Na ce, "Mun gode masa tun asuba.
Amma da sunanmu aka sa hannu aka karɓo,
mun zo ganin inda sunan ya kwana.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Na buɗe, na fara karanto ranaku.
Ban zagi kowa ba.
Kwanan wata kawai, da ƙarfe nawa, da mutum nawa.
A shafi na tara fanka kaɗai ke magana.
A na sha huɗu ya nemi aron birona.

Ba zan ce duniya ta gyaru ba.
Taga tana buɗewa ƙarfe takwas yanzu,
an rataye allo mai lamba saboda Iliya,
na nesa suna karɓar na wata uku.
Injin awon jini kuwa yana nan lulluɓe da zane
kamar wanda ake jiran a sallata.

Barau bai ga allon ba.
Tun watan da aka ce jibi ya daina zuwa.
Shafinsa na bar shi fari,
sai suna a sama da lambar kati.

Jiya na koma Kasuwar Barci.
Mai shago ya ce, "Na yara ne?"
Na ce, "Na manya ne.
Ba ni mai shafi tamanin,
ka haɗo da biro biyu."