Dutse na Tara

Kowace Talata, kafin hazo ya tashi daga kwari,
Orval Stidham kan tsai da tsohuwar motarsa bakin gada,
ya miƙo mini takalman roba da suka fi ƙafata.
Babu albashi. Shayi a gora, sai littafi mai bangon leda.

Nan Virginia ta Yamma aka yanke cibiyata,
kuma tun ina goye rafin nan ja ne,
jan tsatsa, kamar an jiƙa tsohuwar garma a ciki.
Na zaci haka Allah ya halicci ruwa.
Ramin kwal ɗin da ya cinye huhun kakana,
an toshe bakinsa tun ba a haife ni ba,
amma har yau bai daina tofi ba.

"Kurkure kwalbar sau uku," in ji Orval.
"Fuskanci sama. Kar ki ɗebi ruwan da ƙafarki ta dama."
In ɗiga magani, in jira launi,
in rubuta tsami, da sanyi, da iskar da ruwa ya haɗiye.
Lamba dai, lamba, mako na bin mako.
Wani ya taɓa leƙowa daga kan gada,
wai ko zinariya muke nema.
Orval ya ce, "Kusan."

Shekara goma sha ɗaya yana juya duwatsu,
tun kafin a fara zuba farar ƙasa can sama.
Hannunsa na rawa yanzu, ni ke riƙe fensir.
Shafukan farko sifiri ne zalla,
da rubutun matarsa Lurleen, wadda ban tarar ba.

Yau, Afrilu, sanyin ruwa na cizon gwiwa,
na ɗaga dutse na tara don cika ƙa'ida kawai.
Sai wani abu ya motsa.
Da ƙyar ya kai ƙwayar shinkafa:
ƙafa shida, jela uku sirara kamar gashin ido,
ya manne wa dutsen kamar mai bin bashi.

Na kira. Ya taho yana zamewa, ya laluba tabarau,
ya daɗe.
"Irin wannan ba ya kwana a gidan guba," ya ce,
murya ta sarƙe masa, ya juya yana kallon itatuwa.

Na ce, me zan rubuta?
"Ɗaya."
Na rubuta ɗaya.

Muka mai da dutsen yadda muka same shi,
a hankali, kamar mai jan ƙofar ɗakin jego,
muka gangara mazubi na gaba,
inda ruwan yake nan, ja.